Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Gurbin Karatun Fasahar Zane-zane a Jami'a

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar karatun zane, fenti, sassaƙa da makamantansu suka fi yawan yi idan lokacin neman gurbin jami'a ya matso. Ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga wannan jami'a zuwa waccan, saboda haka abin da makarantar da mutum yake nema ta rubuta da kanta shi ne abin bi a ƙarshe. Na yi amfani da "ka" domin sauƙin magana, amma bayanin ya shafi mace da namiji baki ɗaya.

Me ya bambanta neman gurbi a wannan fanni da sauran fannoni?

A yawancin fannoni sakamakon jarrabawa ne yake yi wa ɗalibi magana, amma a nan aikin hannunsa ne ke kan gaba. Malaman sashen suna so su ga abin da ka zana, ko ka sassaƙa, ko ka gina da hannunka, kafin su yanke shawarar ko za su zauna da kai shekara uku ko huɗu a ɗakin aiki. Dalilin a fili yake: maki yana nuna cewa ɗalibi ya karanta ya kuma tuna, amma ba ya nuna ko idonsa yana lura da abu, ko yana da haƙurin sake aiki sau biyar har ya daidaita. Wannan ne ya sa ake samun matakai biyu a wurare da dama, wato cika sharuɗɗan jami'a na gama-gari, sannan tsallake tantancewar sashen kansa. A Jamus abin ya kai ga cewa makarantun fasaha da yawa suna iya ɗaukar wanda bai da takardar kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita, muddin aikinsa ya nuna baiwa ta musamman.

Zane kawai na iya. Shin shi kaɗai ake koyarwa?

Zane shi ne tushe, amma gidan yana da ɗakuna da yawa. Akwai fenti, sassaƙa, aikin yumɓu, ɗab'in hoto daga katako ko ƙarfe, ɗaukar hoto, fasahar tufafi da saƙa, zanen littattafai, tsara tallace-tallace da alamomi, da zane mai motsi. Kusan ko'ina kuma ana haɗawa da tarihin fasaha, wanda karatu ne da rubutu zalla. Duk wanda ya zo da tunanin cewa ya tsere wa littafi zai sha mamaki tun a zangon farko.

Ya kamata kuma ka lura da sunan digirin. A tsarin Amurka, digirin da ake kira BFA yana ba da kusan kashi biyu cikin uku na lokacin ɗalibi ga aikin hannu a ɗakin aiki, shi kuwa BA yana rage wannan kason domin ya bar fili ga wasu darussa kamar adabi, tarihi ko kimiyya. Wanda ya riga ya tabbatar cewa wannan ce sana'arsa ya fi dacewa da na farko, wanda kuma yake son haɗa fasaha da wani fanni zai fi sakewa a na biyu. Digirin farko yakan ɗauki shekara huɗu a Amurka da Sikotland, shekara uku a Ingila.

Mene ne kundin ayyuka, kuma ayyuka nawa ake sakawa a ciki?

Kundin ayyuka, wanda ake ce wa fotfoliyo, tarin zaɓaɓɓun ayyukanka ne da kake miƙa wa sashen domin a duba. Yawancin makarantu suna neman tsakanin ayyuka 10 zuwa 20, kuma sun fi son waɗanda aka yi a shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, domin su ga inda hannunka yake a yau. Idan an ce goma sha biyu zuwa ashirin, kuma masu kyau a wurinka goma sha uku ne, ka tsaya a goma sha uku. Aiki ɗaya mai rauni da aka cusa don cika lissafi yana jefa shakka a kan sauran, saboda mai dubawa zai yi tunanin ba ka iya bambance aikinka mai kyau da maras kyau ba, alhali wannan bambancewar tana daga cikin abubuwan da ake aunawa.

Jerin ma yana da tasiri. Ka fara da aiki mai ƙarfi, ka rufe da mai ƙarfi, ka kuma haɗa waɗanda suke da alaƙa wuri ɗaya ta yadda mai kallo zai ga wani tunani yana girma daga wannan shafi zuwa na gaba.

Me ya sa ake nacewa sai an zana abin da mutum yake gani a gabansa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mai neman gurbi ya tsaya a kanta, domin a nan ne mafi yawan masu baiwa suke tuntuɓe. Zana abin da ke gabanka yana nufin ka ajiye abu na zahiri, kamar tsohon takalmi, ko kujera, ko hannunka na hagu, ko fuskarka a madubi, ka zana shi da idonka ba tare da hoto ya shiga tsakani ba. Wanda yake kwaikwayon hoto ya tarar an gama masa rabin aikin, saboda kyamara ta riga ta mayar da abu mai tsawo da faɗi da kauri ya zama shimfiɗaɗɗe a kan takarda, ta zaɓi inda haske zai faɗa, ta yanke iyakar hoton. Wanda yake kallon abin da kansa dole ne ya yanke waɗannan hukunce-hukuncen duka, kuma su ne ainihin abin da ake koyarwa a sashen.

Ka gwada da kofi ɗaya a kan tebur. Kowa ya san bakin kofi da'ira ne, shi ya sa hannun wanda bai saba ba yake gaggawar zana da'ira. Amma daga inda kake zaune bakin kofin ba da'ira ba ne, siriri ne kamar siffar ido, kuma yana ƙara tsukewa yayin da ka sauke kanka ƙasa. Inuwar da ke gefensa ma ba baƙa ƙirin ba ce gaba ɗaya. Kusa da gindin kofin ta fi duhu, tana yin haske yayin da take nisa, kuma a ɓangaren kofin da ke cikin duhu akwai ɗan haske da teburin ya mayar masa. Ɗalibin da ya ga wannan ɗan hasken ya sa shi a takarda ya nuna cewa ya daina zana abin da ya sani ya koma zana abin da yake gani. Malami yana gane wannan cikin daƙiƙa kaɗan, ko da layukan ba su miƙe sosai ba.

Ba sabon abu ba ne a ɗora zane a wannan matsayi. Makarantar fasaha da Giorgio Vasari ya jagoranci kafawa a birnin Fulorans na Italiya a 1563 da sunan zane aka kira ta, domin a ganinsu fenti da sassaƙa da tsara gine-gine duk daga gare shi suka fito. A zamaninmu kuma, makarantar fasaha ta Rhode Island a Amurka, wadda aka kafa a 1877, ta shafe shekaru masu yawa tana umartar duk mai neman shiga ya zana keke. An zaɓi keke ne saboda kowa yana jin ya san shi, amma sai ya zauna zana shi zai gano bai taɓa lura da yadda sarƙa ta hau haƙoran ƙarfe ba, ko yadda tayoyin biyu suke sauya siffa idan an kalle su ta gefe.

A ra'ayina, a ƙalla kashi ɗaya cikin uku na kundin ya kamata ya zama irin wannan zane, ko da fannin da kake nema ɗaukar hoto ne ko zane mai motsi.

To hotunan fitattun mutane da na zana da fensir, waɗanda kowa yake yabawa, fa?

Na san wannan amsa tana da ɗaci, domin irin wannan aiki yana cin kwanaki, kuma shi ne yake sa 'yan uwa da abokai su fara kiran mutum gwani. Amma kwafin hoton da wani ya ɗauka, komai kamanninsa da na asali, abu ɗaya yake nunawa, wato haƙuri da iya sarrafa fensir. Ba ya faɗin komai game da abin da kai ka gani ko ka yi tunani. Haka ma zanen taurarin katun da wasu suka ƙirƙira. Idan kana son fuska, ka roƙi wani na kusa da kai ya zauna maka minti talatin, ka zana shi yana ƙifta ido yana gyara zama. Sakamakon ba zai yi santsi kamar kwafin hoto ba, amma zai fi shi daraja a idon masu tantancewa nesa ba kusa ba.

Shin in nuna littafin da nake gwajin zane a ciki, duk da cewa cike yake da gogewa da kurakurai?

Ka nuna shi. Malamai da yawa, musamman a Birtaniya, littafin gwaji suke fara buɗewa kafin su kalli ayyukan da aka gama. A cikinsa ne ake ganin yadda tunani ya faro daga ɗan layi a gefen shafi, aka gwada shi da gawayi, aka watsar, aka sake da tawada, aka rubuta a ƙasa cewa inuwar ta yi nauyi. Aikin da aka kammala yana nuna inda ka isa, littafin kuma yana nuna hanyar da ka bi, kuma wanda zai koyar da kai hanyar ce ta fi damunsa.

Abin da zan hana shi ne ƙirƙirar littafin gwaji na jabu a mako ɗaya, a cika shi da shafuka masu tsafta domin a burge. Ana gane shi, domin babu tabon yatsa, babu shafin da aka fasa, kuma hannun bai canja ba daga farko har ƙarshe.

Ban yi darasin zane a sakandare ba, kuma shekaruna sun ɗan ja. Akwai sauran dama?

Akwai, sai dai ka fara duba sharuɗɗan jami'ar, domin wasu suna wajabta darasin wasu kuma ba sa yi. Game da shekaru kuwa, tarihin fannin cike yake da waɗanda suka makara. Vincent van Gogh yana da shekara 27 lokacin da ya ɗauki zane a matsayin sana'a a 1880, Wassily Kandinsky kuma ya bar fannin shari'a yana da shekara 30 ya tafi Munich koyon fenti a 1896. Abin da wanda ya koya wa kansa yake rasawa yawanci shi ne wanda zai gaya masa gaskiya game da aikinsa, don haka ka nemi malamin zane ko ƙwararren mai sana'ar ya duba maka kundin tun da sauran lokaci.

Yaya zan ɗauki hoton ayyukana idan ta intanet za a aika?

Yawancin makarantu yanzu ta intanet suke karɓa, wasu ta shafinsu, wasu ta manhajoji irin su SlideRoom, saboda haka hoton aikin ne masu tantancewa za su gani a maimakon aikin kansa. Waya mai kyamara mai kyau ta isa idan aka kula. Ka ɗauka da rana a wurin da haske yake shigowa amma rana ba ta dukan takardar kai tsaye, ka kashe fitilar kyamara domin tana sa fenti da fensir ƙyalli, ka kuma riƙe wayar daidai tsakiyar aikin ta yadda kusurwoyi huɗu za su fito daidai ba tare da sama ta fi ƙasa faɗi ba. Ka yanke duk abin da ba aikin ba, kamar gefen gado ko inuwar hannunka. Sassaƙa da aikin yumɓu suna buƙatar hoto daga ɓangarori biyu ko uku a gaban bango mara ado.

Kowane aiki a rubuta masa suna, da kayan da aka yi shi da su, da girmansa, da shekarar da aka yi shi. Girman yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a fuskar kwamfuta zanen da bai wuce tafin hannu ba da wanda ya cika bango duk girmansu ɗaya. Kada ka ƙara wa hoton launi ko haske har ya fi aikin kyau, saboda ana iya ce maka ka zo da na asalin.

Wace irin jarrabawar gwaji ake yi?

Iri biyu ne. Akwai wadda ake yi a gaban malamai: a ajiye wasu kayayyaki ko a zaunar da mutum, a ba ku awanni ku zana, wani lokaci a ƙara da wani jigo da za ku fassara da launi. A ƙasar Sin dubban ɗalibai ne suke zama jere a manyan zauruka kowace shekara domin jarrabawar fasaha ta larduna, inda ake gwada su a zanen fensir, aikin launi da zanen gaggawa. A Jamus sai kundin ɗalibi ya tsallake tukuna ake gayyatarsa jarrabawar aiki. Akwai kuma wadda ake aiko wa mutum gida, kamar yadda makarantar Cooper Union ta birnin New York take yi, inda ake ba da wasu umarni a taƙaice a bar ɗalibi ya amsa su da aikin hannu cikin 'yan makonni.

Shirin duka biyun ɗaya ne, wato ka saba aiki da agogo a gabanka. Ka koyi kama siffar abu gaba ɗaya da layuka marasa nauyi a minti goma na farko kafin ka shiga ƙananan bayanai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ƙare awa guda yana gyara ido ɗaya, lokaci ya cika sauran takardar tana fara fat.

Me zan rubuta a takardar bayanin kai?

Ka rubuta abin da ayyukan ba za su iya faɗa da kansu ba. Kusan kowa yana farawa da cewa tun yana yaro yake son zane, kuma tunda kowa ya faɗa, maganar ba ta bambanta kowa da kowa. Ya fi amfani ka ɗauki aiki ɗaya daga kundinka ka faɗi abin da ya sa ka yi shi, inda ya gagare ka, da yadda ka warware. Ka ambaci mai fasaha ɗaya ko biyu da ka kalli aikinsu da gaske, ka faɗi takamaiman abin da ka ɗauka daga gare su, domin jera manyan sunaye ba tare da bayani ba bai nuna komai. Sannan ka faɗi abin da ba ka iya ba tukuna kuma kake son koya, wanda shi ne dalilin zuwanka jami'a tun farko. Fili kaɗan ne. A UCAS, tsarin da ake neman gurbin jami'a ta cikinsa a Birtaniya, alal misali, haruffa 4,000 ne iyaka.

Idan aka kira ni ganawa, me za a tambaye ni?

Za a buɗe kundinka a gabanka a ce ka yi magana a kansa. Tambayoyin da aka saba su ne wane aiki ka fi alfahari da shi, wanne za ka sake da an ba ka dama, aikin wa kake kalla a kwanakin nan, da kuma me ya sa ka zaɓi wannan makaranta. Wani lokaci malami zai soki aikin da ka fi so da gangan. Ba wulaƙanci yake nufi ba, yana so ne ya ga yadda kake karɓar gyara, domin karatun fasaha a jami'a an gina shi ne a kan zaman sharhi, inda ake liƙa aikin ɗalibi a bango malamai da 'yan aji su faɗi ra'ayinsu a gabansa. Wanda ya fusata ba zai jure wannan ba, wanda kuma ya amince da kowace suka nan take bai nuna yana da ra'ayin kansa ba. Ka saurara har ƙarshe, ka karɓi abin da ka ga gaskiya ne, ka bayyana dalilinka cikin ladabi a inda ba ka gamsu ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka idan ba ka san wani mai fasaha da aka ambata ba, ka ce ba ka san shi ba, ka tambayi sunan ka rubuta.

Tunda kundin ne kan gaba, shin makin sakandare bai da amfani ke nan?

Yana da amfani. A jami'o'in da suke da fannoni da yawa, ofishin ɗaukar ɗalibai yana iya tsayar da takardunka tun kafin sashen ya ga aikinka idan ba ka cika mafi ƙarancin sharaɗi ba, kuma tallafin karatu sau da yawa yana duba maki. Wanda zai yi karatu da harshen da ba nasa ba zai buƙaci shaidar ƙwarewa a harshen, kamar IELTS ko TOEFL ga Ingilishi, waɗanda sakamakonsu yake aiki na shekara biyu. Wasiƙar shaida kuma ka nema daga malamin da ya ga yadda kake aiki, ka ba shi lokaci isasshe, ka nuna masa kundin kafin ya rubuta.

Zan iya saka ayyukan da na yi da kwamfuta ko da ƙirƙirarriyar basira?

Zanen da ka yi da hannunka a kan kwamfuta ko allon zane aiki ne kamar kowane, kuma ana karɓarsa, sai dai yana da kyau a haɗa shi da na takarda. Hoton da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta samar daga umarnin da ka rubuta mata wani abu ne dabam. Makarantu sun sha bamban a kansa, wasu sun hana ɗungurungum, wasu sun yarda idan an bayyana yadda aka yi amfani da ita. Abin da babu saɓani a kansa shi ne gabatar da aikin da ba naka ba da sunanka, ko na na'ura ne ko na wani mutum, yana iya sa a soke gurbin ko da bayan an bayar. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wannan fanni musamman, domin makon farko za a miƙa maka gawayi da takarda.

Mece ce shekarar share fage, kuma dole ce?

Shekara ce da ɗalibi yake taɓa fannoni dabam-dabam kafin ya zaɓi ɗaya. Tsarin ya samo ƙarfinsa ne daga makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a garin Weimar na Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya tsara darasin farko da kowane sabon ɗalibi yake bi domin sanin launi, siffa da halin kayan aiki kafin ya shiga wani ɗakin sana'a. A Amurka wannan shekara yawanci tana cikin digirin a matsayin shekarar farko. A Birtaniya kwas ne mai zaman kansa na shekara ɗaya tsakanin sakandare da digiri, kuma ko da yake ba kowace jami'a ce take wajabta shi ba, ɗalibai da yawa a nan suke gina kundin da suke neman digiri da shi. Ga wanda bai tantance tsakanin fenti da tsara tufafi ba, ko wanda kundinsa bai yi ƙarfi ba tukuna, shekarar ba asara ba ce.

Na ji ana zana jikin mutum ba tufafi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a makarantu da yawa, domin ta haka suke koyar da ƙirar jiki da yadda ƙashi da tsoka suke ɗaukar nauyi. Wasu kuma da tufafi ake yi, a wasu darasin zaɓi ne. Wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su amince da hakan ba ya rubuta wa sashen ya tambaya kafin ya nema, ya ji ko darasin wajibi ne da kuma ko akwai madadinsa.

Ta yaya zan zaɓi makarantar da ta dace da ni?

Ka kalli ayyukan ɗaliban da suke kammalawa, domin kusan kowane sashe yana baje kolinsu a ƙarshen shekara, da yawa kuma suna sakawa a intanet. Idan ka ga aikin da ya sa ka ji da ma kai ka yi shi, alama ce mai kyau. Ka duba su wane ne malaman da irin aikin da suke yi, ka tambaya ko kowane ɗalibi yana samun wurin aikinsa, ko akwai murhun gasa yumɓu, injin ɗab'i da ɗakin sassaƙa, da kuma awannin da ake barin ɗakunan a buɗe. Wata makarantar tana koyar da ƙa'idojin zane mataki-mataki, wata kuma tana sakin ɗalibi ya nemi hanyarsa tun daga farko, kuma shaharar suna ba za ta amfane ka ba idan salon koyarwar bai dace da halinka ba.

A lissafin kuɗi kada ka tsaya a kuɗin makaranta kaɗai. Takarda, fenti, buroshi, yumɓu da buga hotuna suna cin kuɗi kowane zango, kuma galibi daga aljihun ɗalibi suke fita. Ka kuma bincika ko tallafin karatu yana da ranar rufewa dabam da ta neman gurbi, domin sau da yawa takan riga ta.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Shekara guda kafin ranar rufe karɓar takardu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Watanni shida na farko na yin aiki ne da yawa ba tare da tunanin zaɓe ba, sannan a zauna da wani mai ido a tace, a ga inda giɓi yake, a cike shi. A Amurka akwai ranakun da wakilan makarantun fasaha suke taruwa su duba kundin ɗalibai kyauta su ba da shawara, kuma makarantu da dama a wasu ƙasashe suna yin irin wannan ta intanet. Ka bar a ƙalla mako biyu domin ɗaukar hoto da ɗorawa. Ka kuma lura cewa ranar miƙa kundi tana iya bambanta da ranar miƙa takardar nema; a Birtaniya, inda ake iya zaɓar kwasa-kwasai har biyar ta UCAS kuma babbar ranar rufewa take faɗowa a watan Janairu, kowace jami'a ce take aiko da nata wa'adin kundin daga baya.

Idan ba a ɗauke ni ba, me zan yi?

Ka fara da rubuta wa sashen cikin ladabi ka tambaya ko za su faɗa maka inda kundin ya gaza. Ba duka suke amsawa ba, amma amsar layi biyu tana iya gyara maka shekara guda. Guraben kaɗan ne, masu nema suna da yawa, kuma hukuncin na mutane ne da suke iya kuskure: babbar makarantar fasaha ta birnin Faris ta ƙi ɗaukar Auguste Rodin har sau uku, shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sassaƙa na ƙarni na 19. Yawancin makarantu suna barin a sake nema a shekara mai zuwa, ko da yake wasu, musamman a Jamus, sun ƙayyade yawan gwajin da mutum zai iya yi, don haka ka duba wannan kafin ka sake aikawa. Idan za ka sake, kada ka mayar musu da kundin bara da ƙarin aiki ɗaya ko biyu. Ka bar uku ko huɗu mafi ƙarfi daga tsohon, sauran su zama sababbi, ka kuma sa kwanan wata a kan kowane shafi na littafin gwajinka tun daga ranar da wasiƙar ƙin ɗaukar ta iso.